Kyaftin Hashimu da Injin da Ya Faɗa Dam

Da Hashimu ya dawo garinsu Gidan Kanya daga Jidda, ko agogo bai zo da shi ba. Abu biyu ya ciro daga jaka a teburin mai shayi: wani gilashi mai robar ɗaurewa a ƙeya, da takalmi ƙafa ɗaya, shuɗi, mai faɗin baki kamar ƙafar agwagwa. Ya ce wata takwas ya yi a jirgin ruwan da ke kwasar masu yawon buɗe ido zuwa tsakiyar Bahar Maliya, su goya tukwanen iska su nutse ƙasa kallon kifaye. Ya ce kuma daga ranar a daina ce masa Hashimu, sunansa Kyaftin.

"To Kyaftin, ina ɗaya ƙafar takalmin?" in ji Sama'ilu mai shayi.

"Kifi ya cinye ta. Tsawonsa daga nan zuwa masallaci. Ya cafko ni ta ƙafa, na juyo na sharara masa mari."

"A cikin ruwan?"

"A cikin ruwan. Sai da ya sunkuyar da kai don kunya."

Kafin wata ya ƙare, kifin nan ya wuce masallaci, ya wuce makarantar firamare, yana neman kaiwa hanyar Ɗanbatta.

Ana tsakiyar noman rani abin ya faru. Injin ban-ruwa ɗaya tak ƙungiyar manoman garin take da shi, shi ke shayar da tumatir da albasar gida talatin da wani abu a bakin dam. Ranar Litinin Baba Mati mai kwalekwale ya ɗauko shi zai tsallakar da shi gonakin ƙetare, kwalekwalen ya yi karo da kututture, injin ya zame ya yi tsulum. Kwana biyu tsohon yana caccakar ruwan da gora bai dace ba, ga ruwan kamar kunun kanwa, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Tumatir ya fara langaɓewa.

Malam Kallamu, shugaban ƙungiya, dattijo ɗan asalin Barno da ya yi shekara arba'in a garin, ya tara mutane a gindin tsamiya. Ya ce ya aika wa masuntan da suka iya nutso, sun tafi su a wani tafki, sai bayan mako.

"Kafin mako tumatir ɗinmu ya zama kauɗa tun yana gona," in ji wani.

Hashimu ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga.

"Malam, ana zancen nutso ina zaune a garin nan, har a aika wani wuri? A ba ni mutum biyu da kwalekwale. Jibi da hantsi injinku yana gaɓa."

Malam Kallamu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya waiwaya ya kalli gonakin, ya ce Allah ya ba da sa'a. Sama'ilu ya ba da kansa saboda albasarsa ta fi ta kowa yawa. Khalilu tela kuwa bai ba da kansa ba, hamma yake yi hannunsa a sama aka rubuta sunansa.

A gida, Aina'u matar Hashimu ta tarar da shi yana ciro duwatsun murhunta yana zubawa a buhu.

"Baban Jamil, lafiya? Da me zan girka tuwo?"

"Mai nutso sai da nauyi a ƙugu. In ba haka ba ruwa ba zai karɓe shi ba."

"Kai da ko wanka in ruwan ya cika bokiti sai ka ce a rage?"

"Wannan tattali ne. Ke ba ki san teku ba."

"Ban san teku ba, amma na san ka."

Ya ɗauki buhunsa ya fice.

Washegari ya tara mutanensa biyu a gindin tsamiyar, da rabin gari a bayansu. Baba Mati ya ce shi shekara hamsin yana kan ruwa, ba zai zauna yaron jiya ya karanta masa ruwa ba, ya yi tafiyarsa gyaran koma.

Abin mamaki, bayanin Hashimu yana da kan gado. Ya goya hannu a baya yana kai da komo.

"Duk wanda zai shiga jirgin masu nutso karon farko, ya zo da wuri, don jirgi ba ya jiran kowa. Kada ya cika ciki, ya ci abu kaɗan. Kayansa ya tattara su wuri guda ƙarƙashin mazauninsa, ba a baza kaya a jirgi. In zuciyarka ta tashi, ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. In abin ya ci tura, ka juya wa iska baya kafin ka saki."

"A saki me?" in ji Khalilu.

"Za ka gane. Sannan ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokinsa, ka duba kayansa ya duba naka, ba ka rabuwa da shi. Kana sauka ka toshe hanci ka hura a hankali don kunnenka ya buɗe. Ba a riƙe numfashi. Ba a tasowa da gudu. A ƙarƙashin ruwa kuma babu magana, sai da hannu. In ka haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, lafiya lau ke nan. In ka ɗaga babban yatsa sama, ba yabo ba ne, kana nufin a fito da kai."

Malam Kallamu ya gyaɗa kai. Har ya fara jin kunyar zaton da ya yi wa yaron.

Sai aka zo kan kaya. Tukunyar iska babu ita a duk faɗin ƙaramar hukumar, don haka Hashimu ya aro tiyub uku na tayar tirela wurin mai faci, aka cika su da iska, aka ɗaura wa kowanne guntun tiyo. Sama'ilu ya samu gilashin mai walda, Khalilu ya samu tabarau na 'yan acaɓa. Aka yanka jarka biyu aka ɗinka a ƙasan silifas. Gilashin gaske da takalmin agwagwa kuwa na Kyaftin ne.

"Haka suke yi a Jidda?" Khalilu ya tambaya yana jujjuya silifas ɗinsa.

"Nasu fenti kawai ya fi namu."

Ranar da aka sa, tun da sanyin safiya bakin dam ya cika. Mata sun tsaya daga tudu, masu ƙosai da rake sun kafa kasuwa. Sama'ilu da Khalilu sun zo tun bayan asuba, kowa da ruwan shayi zalla a ciki kamar yadda aka umarta. Rana ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, babu Kyaftin. Sai can aka hango shi yana tafe yana gyatsa. Ya biya gidan suna, ya ci waina goma sha biyu da miyar taushe, ya bi da fura.

"Ba kai ka ce a ci abu kaɗan ba?" in ji Sama'ilu.

"Wannan dokar sababbi ce. Cikina ya saba da teku."

Ya sa takalmin agwagwa tun daga gaɓa. Taku na farko ya yi daidai, na biyu bakin takalmin ya naɗe a ƙasa, ya tafi da fuska cikin tiren mai ƙosai. Ya tashi da mai a goshi, ya ce gwada ƙarfin ƙasar wurin yake yi.

Aka loda kwalekwale: tiyub uku, buhun duwatsu, igiya, mutum huɗu. Bakin kwalekwalen ya rage kamu ɗaya ya sha ruwa. Kayan Sama'ilu da na Khalilu suna ƙarƙashin mazauninsu tsaf, na Kyaftin kuwa sun bazu daga gaba har baya.

"Wajen kututturan can ya faɗa," in ji Baba Mati, yana nuna wani wuri da bai fi jifan dutse biyu daga gaɓa ba.

"Baba, ka tuƙa kawai. Igiyar ruwa ta ja shi tsakiya. Can za mu."

"Wace igiya? Dam ne fa."

"A jirgi maganar kyaftin ake bi."

Baba Mati ya tofar da yawu a ruwa ya sa filafili.

Ruwan a kwance yake kamar tabarma. Duk da haka ba a yi tuƙi ashirin ba fuskar Hashimu ta fara sauya launi. Gumi ya tsatsafo masa.

"Kyaftin, kalli can inda sama ta haɗu da ƙasa," in ji Khalilu cikin tausayi.

"Na san inda ta haɗu!"

Ya kalla. Abin da ya hango shi ne hayaƙin mai ƙosai. Ya zabura ya leƙa gefe, ya fuskanci iska sosai, ya saki. Iska ta karɓi waina goma sha biyu ta miƙa wa Khalilu a ƙirji.

"Yanzu na gane," in ji Khalilu.

"A tsaya! A tsaya nan!" Hashimu ya ce da ƙyar. "Na duba ruwan. Nan ne wurin."

Baba Mati ya kafa gora. Suna daidai gefen kututturan. "Ai da ma nan na ce maka."

Hashimu ya kurkure baki, ƙarfinsa ya ɗan dawo. Ya goya wa kowannensu tiyub a baya, ya ɗaure tamau. Saboda dokar nan ta kada aboki ya rabu da aboki, ya ɗauko igiyar akuya ya ɗaure ƙugun Sama'ilu da na Khalilu. Sannan ya ce kowa ya tofa yawu a gilashinsa ya goge, don kada ya yi hazo. Sama'ilu ya tofa iya ƙarfinsa, ya manta da goron da ke bakinsa tun safe.

"Ku zauna a bakin jirgi, bayanku ga ruwa, ɗaya dama ɗaya hagu. In na ƙirga uku ku faɗa ta baya tare. Ɗaya..."

Sama'ilu mutum ne mai jiki, nauyin tiyub ya rinjaye shi tun a ɗaya. Ya tafi ta baya ƙafafu a sama. Igiya ta miƙe. Khalilu, wanda bai fi rabinsa ba, yana tsakiyar karanta addu'a aka fizge shi, ya ratsa kwalekwalen a iska, ya bi ta kan Baba Mati ya tafi da hularsa.

Jama'a suka ɗauki shewa daga gaɓa.

Sai dai babu wanda ya nutse. Tiyub ya riƙe Sama'ilu a saman ruwa, kai a ƙasa, mazaunai a sama, silifas ɗin jarka na kaɗawa kamar agwagwa na neman tsutsa. Ya tuna tiyo, ya cusa a baki ya kwance ɗaurin. Iskar tayar tirela ta cika masa kumatu ta fito ta hanci. Ya ɗago kai yana tari, ya buɗe ido cikin gilashin da ya sha goro.

"Jini! Jama'a jini! Duk dam ɗin jini ne!"

"Goronka ne!" in ji Baba Mati.

Khalilu kuwa tiyub ɗinsa ya kifar da shi rigingine, ya kwanta a kai kamar kunkurun da aka juya. Tsoro ya hana shi magana, amma bai manta karatu ba. Ya ɗaga babban yatsa sama, ya ƙara ɗagawa. Baba Mati, da bai halarci bayani ba, ya yi murmushi ya ɗaga masa nasa.

"Madalla, tela! Ashe jarumi ne!"

Mutanen gaɓa da suka ga yatsu biyu a sama suka ɗauka an ga injin. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Cewa yake a fito da shi!" Malam Kallamu ya yi ihu daga gaɓa, amma guɗar ta danne muryarsa.

Baba Mati ya juyo. "To Kyaftin, saura kai."

"Kyaftin ba ya barin jirgi."

"Ɗazu ka ce kai za ka ɗaura wa injin igiya."

"Ruwan bai gama kwantawa ba. Kuma ba ni da aboki. Ba a nutso mutum ɗaya."

"Ga abokai biyu can suna iyo."

"Ɗan tsaya in duba kunnena."

Daga gaɓa aka fara kira, "Kyaftin! Kyaftin!" Har da tafi. Hashimu ya hango Aina'u a kan tudu cikin mata, ta riƙe haɓa. Babu yadda zai yi. Ya ɗaura buhun duwatsun murhu a ƙugu, ya ja gilashi ya rufe fuska, ya miƙe tsaye don ya ɗaga wa jama'a hannu, da niyyar in ya gama ya sake zama. Sai ƙafarsa ta taka tiyon da ya bari a baje. Takalmin agwagwa ya harɗe da igiya. Ya yi rawa sau biyu, ya kama iska, ya tafi. Tiyub ɗinsa yana nan a kwalekwale, ya manta bai goya ba.

Duwatsun murhu suka yi aikinsu. Ya nutse tsaye kamar turmi. Ruwa ya rufe, kumfa ta taso. Can sai ga kansa ya ɓullo, ruwa iya haɓa, baki a buɗe.

"Kada! Kada!"

"Kada a yi me?" Malam Kallamu ya tambaya daga gaɓa.

"Kada na ruwa! Ya kama min ƙafa! Wayyo Allah, ya riƙe takalmin!"

Sama'ilu na jin haka ya fara iyo da hannu da ƙafa, yana jan Khalilu a baya, suna kewaya kwalekwalen ba tare da sun je ko'ina ba.

"Ka sharara masa mari mana!" wani ya ƙwala daga gaɓa.

"Wane mari! Baba Mati ka cece ni! Wallahi ban iya ruwa ba! Ban taɓa nutso ba ko sau ɗaya!"

Ruwa yana kai murya nesa. Kowa a gaɓa ya ji, har mai ƙosai ta tsaya da matsami a hannu.

"To me kake yi a jirgin wata takwas?" in ji Baba Mati, ko motsi bai yi ba.

"Wanke-wanke! Kwanuka da tukwane da kofuna! Mutum talatin kullum, sau uku a rana! Bayanin ma daga tagar kicin nake ji! Takalmin a kwandon shara na tsinta!"

Sama'ilu ya ɗago kai daga ruwa yana haki. "Kifin fa?"

"A faranti na gan shi! Soyayye!"

Dariyar da ta tashi a gaɓa sai da ta kori balbelu daga kan kututture. Baba Mati ya matso da kwalekwale a hankali, ya zura gora ta gefen ƙafar Hashimu ya caka. Aka ji ƙwal. Ya sake cakawa. Ƙwal.

"Tsaya yadda kake, kar ka motsa," in ji shi.

"Zai cinye ni!"

"In ka motsa, ni zan cinye ka."

Tsohon ya tuɓe riga, ya kama bakin igiya da haƙori, ya ja numfashi ya sulale ƙasa ta jikin gora. Bai daɗe ba ya ɓullo yana share fuska.

"Kadan naka har da tankin mai gare shi. A kan injin kake tsaye. Bakin takalminka ne ya shige cikin ƙarfen."

Ya kwance masa buhun duwatsu, ya zare masa ƙafa daga takalmin, ya tura shi cikin kwalekwale kamar buhun gero. Sannan ya jawo Sama'ilu da Khalilu da igiyar akuyarsu. Yatsan Khalilu yana nan a sama, sai da aka lanƙwasa masa shi.

Aka kai bakin igiyar gaɓa. Maza sama da ashirin suka kama, ana ja ana kabbara, har injin ya fito yana zubar da laka, takalmin agwagwa a maƙale a jikinsa. Abdulkabir makanike ya sa aka ɗora shi a amalanke, ya ce zai zubar da man ya busar da shi, in Allah ya so gobe zai tashi. Ya kuwa tashi. Kafin la'asar ɗin washegari ruwa na gudu a kwamin albasa.

Amma a ranar, da Hashimu ya taka gaɓa, ƙafa ɗaya ba takalmi, gilashi a karkace a kunne, sai ya gyara murya.

"Duk wanda ya lura zai ga ni na gano shi. Da ƙafa ɗaya ma."

"Gaskiya ne," in ji Malam Kallamu yana share hawayen dariya da bakin rawani. "Allah ya yi maka albarka. Sai dai nan gaba in za ka taimake mu, ka fara gaya mana mu kira mutane daga Ɗanbatta, kada a yi kallon nan ba su."

Hashimu ya bi ta bayan gari ya shiga gida. Ya tarar da Aina'u ta riga shi isowa. Ta fito da duk abin da ke kicin ta jera a tsakar gida: tukunyar tuwo mai ƙanzo, ta miya, kwanuka, samira, ludayi, har da tsohuwar tukunyar da kaji ke shan ruwa. Ga bokiti, ga soso, ga sabulu. Kawunan maƙwabta sun jeru a kan katanga.

"Baban Jamil, sannu da aiki. Mutum talatin na ji ka ce?"

"Tsoro ne ya sa na faɗi haka."

"Sau uku a rana?"

"Aina'u, mutane na kallo."

"Shekara tara muna tare ko cokali ba ka taɓa ɗauraye min ba, ashe gwani nake aure ban sani ba. Mu nan mu huɗu ne kacal. Bismillah."

Ya kalli katanga, ya kalli ƙofa, ya kalli matarsa. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya ɗauki tukunyar tuwon ya jujjuya ta, ya leƙa cikinta, ya girgiza kai.

"Wa ya ce miki da ita ake farawa? Jiƙa ta ake yi tukuna. Miƙo min kofuna."